Ragon da ya kwana uku a gindin dogon yaro: shaida a kan Baba Ma'aji

Mu uku ne muka haɗu muka rubuta wannan shaida, dukanmu kuwa a hannun Baba Ma'aji muka koyi ƙirga baiko, wato abin da masu bi suke kawo wa Allah a sujada. Iyalinsa sun yarda a ba da labarin, da sharaɗin kada a kama suna, domin shi kansa bai taɓa son a ambaci sunansa a gaban jama'a ba. A ikilisiyarmu ta cikin garin Sakkwato, yaro da babba, Baba Ma'aji ake ce masa, mu ma a kan haka za mu tsaya.

A Amanawa aka haife shi, can ƙasar Dange Shuni, inda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙe asibitin masu ciwon kuturta. Iyayensa duka biyu jinya ce ta kai su can, a can suka ji bishara, a can suka yi aure. Ciwon ya riga ya cinye yatsun mahaifiyarsa kafin ta iso. Ya sha gaya mana yadda take ba da baiko. Duk ranar da za ta auna geron tuwo, kafin ta zuba a turmi, sai ta haɗa dungulmin hannuwanta biyu ta kamfato abin da suka iya ɗauka, ta juye a wata 'yar tukunya da ke bayan ƙofa. Rabi yakan zube ƙasa, shi ne mai tsincewa. Ranar Lahadi ya ɗauki tukunyar a ka ya bi ta zuwa sujada. Ba ta taɓa ɗiba bayan an gama awo ba. Na tukunyar ake fara cirewa, abin da ya rage shi ne na gida.

Da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 ya koyi karatu. Da ya kai ga Littafin Firistoci ya ga ana ta nanata cewa abin hadaya ya zama marar aibi, sai abin ya dame shi, ya tambayi mai bishara ko Allah yana karɓar baiko daga hannun da ciwo ya ci. Mai bisharar ya buɗe masa Farawa sura 4, ya ce ya lura da yadda aka jera maganar: Ubangiji ya kula da Habila da baikonsa, bai kula da Kayinu da baikonsa ba. Mutumin aka fara ambata, sannan abin da ya kawo. Ya ƙara masa da Ibraniyawa 11:4, inda aka ce ta wurin bangaskiya ne hadayar Habila ta fi ta ɗan'uwansa. Wasu suna cewa an ƙi na Kayinu ne don amfanin gona ne, ba jini a ciki. Baba bai yarda da wannan ba, mu ma ba mu yarda ba, domin Firistoci sura 2 gaba ɗayanta a kan hadaya ta gari take, kuma karɓaɓɓiya ce. Bambancin da nassi ya nuna a fili shi ne Habila ya zaɓo daga 'ya'yan fari na garkensa da kitsensu, Kayinu kuwa ya kawo daga abin da ke akwai. Yadda Baba yake faɗa da harshensa na Basakkwace: "Ɗiyana, Allah na duban mutum kahin shi dubi ƙwarya."

Da ya girma ya shigo birni ya kama sana'ar dabbobi da fata a Kara. Ya san rago kamar yunwar cikinsa. Shi ya sa in ya karanta Firistoci 22 a taron addu'a sai ka ga kamar a tsakiyar kasuwa yake tsaye. Surar ta hana a miƙa makauniyar dabba, da mai karaya, da mai nakasa, da mai miki ko ƙazuwa ko ƙaiƙayi, da wadda aka dandaƙe. Sa ko ɗan rago mai gaɓa ɗaya da ta fi 'yar'uwarta tsawo ko gajarta, ana iya ba da shi don yardar rai, amma ba a cika wa'adi da shi. Jaririn dabba sai ya kwana bakwai da uwarsa, daga rana ta takwas yake karɓuwa, kuma ba a yanka uwa da ɗanta rana ɗaya. Maƙwabtanmu Musulmi sun san irin wannan kiyayewa a layya, su ma ba sa yanka mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko ramammiya, kuma Baba yakan ce a goshin Babbar Salla ne ya fi ganin yadda mutum yake natsuwa in zai zaɓi abin da zai ba Allah.

Ga yadda ya koya mana duba rago in an kawo shi ranar godiyar kaka. Ka fara da baki: ka ɗaga leɓe ka dubi haƙoran ƙasa na gaba. In manyan haƙora biyu sun fito sun ture na nono, ragon ya haura shekara. In haƙoran sun cinye sun yi gibi, tsoho ne, komai kyan gashinsa. Sannan ka janye fatar ido ta ƙasa. In ja ce, jini ya wadata, in ta yi fari fat, tsutsar ciki ko ciwon hanta ya ci shi. Ka dubi hanci ko akwai majina, ka ɗaga wutsiya ka ga ko gudawa ta ɓata wurin, ka sa a ja shi taku goma ka ga ko yana ɗingishi, ka shafa gashi ta baibai don ƙazuwa takan ɓuya a ƙarƙashi. Daga ƙarshe ka dafa gadon baya kusa da ƙugu. Nama a nan yake, ba a ciki ba. Akwai masu ba dabba gishiri ko kanwa da dusa su ɗura mata ruwa kafin a shiga kasuwa, cikin ya yi tim, kwana biyu ya sace. Ba don mu kunyata mai kawowa muke dubawa ba. Sau da yawa shi ma cutarsa aka yi. Amma akwai wanda ya san tunkiyarsa ba za ta kai mako ba, ya ce gara ta mutu a hannun ikilisiya. A kan irin wannan ne Malakai 1:8 ya yi tambayar da ba ta da amsa: ka kai wa gwamnanka irinta mana, ka ga ko zai karɓa.

Abin da ya mai da shi mutumin da muka sani ya faru ne bayan farin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Yana da wani makiyayi da ke tsare masa dabbobi a wani ƙauye arewa da birni. Fari ya kashe fiye da rabinsu. Cikin zafin hasara, Baba ya ɗora wa mutumin laifin sakaci, ya riƙe masa ladan wata huɗu, naira 20, ya sallame shi. A ransa ya san ba sakaci ba ne, domin ya ga mushe a kowace hanya da idonsa. Da damina ta dawo, kasuwa ta farfaɗo, sai ya yi niyyar gode wa Allah da abin da ido zai gani. Ya sayi ragon Balami fari tas, ya yi wata uku yana ba shi harawa da kowar wake da dusa. Ranar godiyar kaka ya ja shi da kansa, ya ɗaure a gindin dogon yaron da ke harabar majami'a, mutane suna ta zagayawa suna yabawa.

Karatun ranar daga Matiyu 5 ne. Da aka kai aya ta 23 da 24, inda Yesu ya ce in kana miƙa baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa, sai Baba ya ji kamar an kira shi da suna. Ya ce abin da ya kama shi shi ne ba a ce in kai kana da magana a kan wani ba. An ce in wani yana da magana a kanka. Ya tashi tun ba a yi waƙar baiko ba, ya sami wani dattijon ikilisiya a bakin ƙofa ya ce masa, "Baba, a bar ragon ga nan, kada a rubuta shi. Wanga rago ba shi da aibi, ni ad da aibi." Ya hau keke ya fita.

Sai da ya yi kwana biyu yana cigiya kafin ya sami makiyayin, don mutumin ya tashi daga ƙauyen. Bai kai masa naira 20 ba, 24 ya kai. Lissafin daga Firistoci 6:1-7 yake: wanda ya ci amanar maƙwabcinsa, ko ya ƙwace, ko ya zalunce shi, ko ya tsinci abu ya yi musu, zai mayar da abin cif, ya ƙara ɗaya bisa biyar a kai, ya ba mai shi, sannan ya kawo ragonsa. Biya ne a gaba, rago a baya. Yau in naira 50,000 ka riƙe wa mutum, 60,000 ke nan. Baba ya durƙusa a gaban wanda ya taɓa yi masa aiki, a gaban matan gidan da yara, ya ce ƙarya ya yi masa. Ya ce wannan ta fi fitar da kuɗin wuya nesa ba kusa ba. A rana ta uku ya dawo ya kwance ragon, aka rubuta shi a littafi. Bayan shekara biyu ikilisiya ta zaɓe shi ma'aji, kuma dattijon nan da ya gamu da shi a bakin ƙofa ne ya kawo sunansa.

Dole mu tsaya a nan mu gyara wani kuskure, don Baba ba ya barin a wuce shi. Ragon nan bai wanke zunubinsa ba, kuma ba don haka aka kawo shi ba. Kirista ba ya yanka dabba don gafara. Ibraniyawa 10:4 ta ce ba shi yiwuwa jinin bijimai da awaki ya ɗauke zunubi, sura ɗin kuma ta ci gaba da cewa Almasihu ya miƙa hadaya guda, sau ɗaya tak, ya zauna. Hadayu biyar ɗin da ke Firistoci 1 zuwa 7, ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi da ta laifi, inuwa ce ta abin da ke zuwa, kuma tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 ba a ƙara miƙa su a can ba. Dokar rashin aibi ta cika a kan Yesu, wanda 1 Bitrus 1:19 ta kira ɗan rago marar aibi marar tabo. Ikilisiyoyi sun bambanta a kan yadda suke fahimtar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake tarayya a kansu a sujada, 'yan'uwanmu Katolika suna ganin hadayar nan guda ce ake halarto da ita a bagade, mu muna yin sa don tunawa, amma babu mai cewa akwai wani jini da ya rage a zubar. Saboda haka duk abin da muke kawowa godiya ce ta wanda an riga an karɓe shi, kuma 1 Bitrus 2:5 ta ce ta wurin Yesu Almasihu ne hadayunmu suke zama abin karɓa. Wanda ya zo da baiko don ya sayi gafara, ko lafiya, ko haihuwa, ya ɓata hanya tun daga gida. Muna faɗin wannan da ciwon zuciya, domin mun ga gwauraye sun sayar da akuyarsu ta ƙarshe don wani mai wa'azi ya ce su shuka iri su girbe ninki ɗari kafin wata ya mutu. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba shi tana Ayyukan Manzanni 8:20, kuma ba mai daɗi ba ce.

Inda Baba ya fi daɗewa in yana koyarwa shi ne ma'aunin talaka. Yakan sa mu bi matakan da Shari'ar Musa ta shimfiɗa. Mai hali ya kawo sa. Wanda bai kai ba ya kawo rago ko bunsuru. Wanda bai kai ba ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. Wanda ko tsuntsu ya fi ƙarfinsa, Firistoci 5:11 ta ce ya kawo ɗaya bisa goma na efa na lallausan gari, wajen lita biyu ke nan, abin da bai wuce ka riƙe a ƙwarya ɗaya ba, kuma a kansa ma an ce za a gafarta masa, daidai da mai tunkiya. Yusufu da Maryamu da suka kai jariri Yesu Haikali, hadayar tsuntsaye biyu aka ambata a Luka 2:24. Gidan da Mai Ceto ya tashi gidan masu tattabaru ne. Ga kuma gwauruwar Markus 12 da 'yan kuɗinta biyu na tagulla, wadda Yesu ya ce ta fi kowa zubawa, domin su daga yalwarsu suka ɗiba, ita kuwa abin zaman garinta ta juye. Bulus ya taƙaita a 2 Korantiyawa 8:12: in niyya tana nan, ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Don haka Baba ya hana a ci bashi don baiko. In ya ji mace ta karɓi kuɗin adashi tun kwananta bai zo ba don kada zumuntar mata ta raina ta, sai ya aika matarsa ta je ta rarrashe ta ta mayar.

Amma rahusar ba ta zama ƙofar rowa ba. Dawuda ya ƙi karɓar masussukar Arauna da shanunsa kyauta, ya biya shekel 50 na azurfa, ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji abin da bai ci masa komai ba. Ga manoma, Baba yakan ce a ware tun a gona, ranar ɗaurin dami: ka ƙirga tara, na goma ka jingine shi gefe, kuma kada ka zaɓi na bakin gona da tsuntsu ya ci. Wanda ya ce sai an kai rumbu, an biya bashin taki, an cire na biki, ba ya samun komai a ƙarshe sai ɓuntu. Ma'aikaci kuma ya cire ranar da albashi ya shigo. Wasu ikilisiyoyi suna koyar da ushiri, wato zakkar ɗaya bisa goma, a matsayin wajibi, wasu suna ɗaukarsa ma'aunin farawa. Baba bai shiga wannan gardama ba, ya tsaya a kan 1 Korantiyawa 16:2, kowa ya riƙa ajiyewa ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, da 2 Korantiyawa 9:7, yadda ya ƙudura a ransa, ba da ɓacin rai ko tilas ba.

Hatsin da aka kawo ba a zuba shi a buhu ɗaya nan take. Akan shimfiɗa tabarma a juye kowane kwano dabam. Ka tura hannu har ƙasa, don tsohon gero mai ƙwari yakan kwanta a ƙarƙashin sabo. In ka ga gari-gari a tafin hannunka, ƙwaro ya shiga, a ware shi a shanya a rana, a fara amfani da shi. Ka ciji ƙwaya: in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lanƙwashe da sauran danshi, kuma kwano ɗaya mai danshi ya isa ya sa buhu ya yi fumfuna. Wake ya fi kowa saurin lalacewa, shi ake fara rabawa. Albasa ba ta jira, a ranar ake gwanjonta.

Akwai baikon da yake da kyau a ido amma ya ruɓe daga tushe. Na farko shi ne wanda aka ciro daga haƙƙin wani: ladan ɗan aiki, kuɗin marayu, awon da aka tauye. Yakubu 5:4 ta ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka. Na biyu shi ne abin da Yesu ya tsauta a Markus 7, mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya zama na Allah. Wani saurayi ya taɓa kawo ambulan mai kauri alhali mahaifiyarsa tana kwance a ƙauye ba kuɗin magani. Baba ya ja shi gefe, ya mayar masa a hannu, ya ce, "Ɗana, tai ka kai ma innarka. In ta tashi ku taho tare." Na uku shi ne na neman suna. Hananiya da Safiratu ba don sun rage kuɗin gonarsu suka mutu ba, Bitrus ya gaya wa Hananiya a fili cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Ƙaryar cewa duka ke nan ita ta kashe su. Saboda wannan Baba ya yi shekaru yana roƙon dattawa a daina kiran suna da adadi daga bagade. A ƙarshe suka yarda a riƙa sanar da jimla kawai.

Ya kuma riƙe cewa masu karɓa suna iya ɓata abin da aka ba da zuciya ɗaya, kamar yadda 'ya'yan Eli firist suka sa mutane suka raina hadayar Ubangiji. Tsarinsa bai taɓa canzawa ba. Mutum ɗaya ba ya ƙirga baiko, ko shi kansa. Mutum uku ne, ba kuma 'yan gida ɗaya ba. Da an tashi sujada ake yi, ƙofa a buɗe, tebur babu komai a kai. Ɗaya ya ware takardu bisa ga darajarsu, na biyu ya ƙirga da murya, na uku ya sake ƙirgawa ya rubuta. Zakka dabam, baikon godiya dabam, na gini dabam, na gwauraye dabam, kuma ba a aron wannan a toshe wancan sai dattawa sun zauna. Kowa ya sa hannu da biro. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai a rubuta daidai a gefe, ba a gogewa, ba a yage shafi. Litinin da safe kuɗi ya tafi banki, takardar shaida ta dawo a manna ta a shafin. Ba a canjin kuɗi daga cikin baiko, ko ɗari biyar ce. Dalilinsa 2 Korantiyawa 8:20-21 ne, inda Bulus ya tura mutane tare da gudummawar Urushalima don a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. A farkon 2023, da takardar naira ta yi wuya mutane suka koma tura kuɗi ta waya, idonsa ya riga ya yi rauni, amma ya sa aka riƙa buga bayanin asusu duk mako ana karanta masa layi layi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, abin da ya fi damunsa shi ne ba ya iya zuwa sujada da abu a hannu. Fasto ya zo ya karanta masa Ibraniyawa 13:15-16, hadayar yabo ta leɓunan da ke shaida sunansa, da yin alheri, da tarayya da mabukata, da kuma Zabura 51:17, karyayyen ruhu da zuciya mai tuba waɗanda Allah ba zai raina ba. Baba ya saurara idonsa a rufe, ya ce a maimaita masa ta Zabura. Sannan ya sa aka kira mu, ya ce a ɗauko littattafan ajiya daga akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. Guda goma sha ɗaya ne, an ɗaure su da tsumma. Ya ce mu kai wa dattawa su duba tun yana da rai, in akwai kwabon da bai daidaita ba a gaya masa ya biya, da ɗaya bisa biyar a kai. Dattawa suka yi mako biyu a kansu, suka dawo suka ce masa ba su sami komai ba.

Ya ce to madalla. Ya juya ga babbar 'yarsa ya ce ta duba bayan ƙofa, akwai tukunya, kada Lahadi ta wuce ba a kai ta ba. Geron da ke ciki ya kai mudu ɗaya da rabi, mu muka auna shi, muka rubuta a shafin baikon godiya.